Tazarce da Kallabi: Harshen Yabo a Takarar Mace ta Komawa Majalisar Dattawa

Kalmar "tazarce" ba tsohuwa ba ce a bakin Hausawa, ko da yake tubalan da aka gina ta da su tsofaffi ne. Harɗaɗɗen suna ne da aka ƙera daga wakilin suna "ta" da aikatau "zarce", kuma ta yi tashe ne a ƙarshen zamanin Janar Sani Abacha, musamman a farkon shekarar 1998, sa'ad da aka yi gangami a Abuja ana kiransa da ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki, har jam'iyyu biyar ɗin da ake da su a lokacin suka tsayar da shi ɗan takara su duka. Wani ɗinkin kaftani ma sai da ya ci sunan. Abacha ya rasu cikin watan Yuni na wannan shekara, amma kalmar ba ta bi shi ba. An sake jin ta a 2006, lokacin da aka nemi gyara tsarin mulki domin Cif Olusegun Obasanjo ya sami zango na uku, Majalisar Dattawa ta yi fatali da batun. A 2009 kuma ta ƙetara Jamhuriyar Nijar, inda magoya bayan Shugaba Tandja Mamadu suka mai da ita takensu. A duk waɗannan lokuta ma'anoni biyu na aikatau ɗin suna tafiya tare: mai goyon baya yana jin "wucewa gaba", mai adawa kuwa yana jin "wuce iyaka". Daga baya ne kalmar ta huce, ta zama sunan duk wata takara ta mai riƙe da kujera wanda yake neman komawa kanta, ko da tsarin mulki ya yarje masa.

Abin da ya kamata manazarcin harshe ya tsaya a kansa shi ne wannan "ta" da ke farkon kalmar. Ba mace take nufi ba. Ko dai tana komawa ne ga gwamnati, ko kuwa ita ce "ta" ɗin nan da Bahaushe kan yi amfani da ita don nuna halin da ake ciki ba tare da ya ambaci kowa ba, kamar a "ta ɓaci", "ta kwaɓe", "ta faru ta ƙare" da "ta leƙo ta koma". Shi ya sa ake iya cewa namiji yana neman tazarce ba tare da kunne ya ji wani karo ba. Amma in aka yi dace mai neman komawar mace ce, sai kalmar ta warware ta koma jimla sosai, da mai aiki da aikinta: ta zarce. Sau nawa aka sami damar faɗin wannan jimla a kan kujerar Majalisar Dattawa, kuma da wane irin harshe aka raka ta, shi ne abin dubawa a nan.

Kujeru 109 ne a Majalisar Dattawan Nijeriya, uku-uku daga kowace jiha, ɗaya daga Birnin Tarayya. A 1999 mata uku suka shiga cikinta. A 2007 suka kai tara, adadin da ba a sake kaiwa ba. A zaɓen 2023 suka koma uku, ta huɗu kuwa, Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, hukuncin kotu ne ya shigo da ita. Daga Arewa, waɗanda suka zauna a majalisar tsakanin 1999 da 2023 sun haɗa da Khairat Gwadabe ta Birnin Tarayya, da Gbemisola Saraki ta Kwara ta Tsakiya, da Grace Bent ta Adamawa ta Kudu, da Patricia Akwashiki ta Nasarawa ta Arewa, da Zainab Abdulƙadir Kure ta Neja ta Kudu, da Nenadi Usman ta Kaduna ta Kudu, da A'isha Jummai Alhassan ta Taraba ta Arewa, da Binta Masi Garba ta Adamawa ta Arewa, da A'ishatu Ɗahiru Binani ta Adamawa ta Tsakiya. A'isha Alhassan da Binani sun bar kujerar ne da kansu suka nemi gwamna, a 2015 da 2023, kuma su duka biyun abin ya zama ta leƙo ta koma: ta farko kotun zaɓe ta ba ta nasara a watan Nuwamba na 2015, kotunan sama suka soke, ta biyu kwamishinan zaɓe na jihar ya yi shelar nasararta kafin a gama tattara sakamako, hukumar zaɓe ta ƙasa ta rushe shelar. Cikin sauran, biyu kurum suka zarce: Gbemisola Saraki a 2007, da Zainab Kure a 2011.

Akwai kuma wani giɓi a jerin nan wanda ya fi sunayen cikinsa magana. Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kabi da Zamfara, watau cibiyar ƙasar Hausa, ba su taɓa aika mace Majalisar Dattawa ba har zuwa zaɓen 2023. Ke nan yabon Hausa da aka yi wa mace mai neman wannan kujera har ta same ta, akasarinsa an yi shi ne a wurare irin su Adamawa da Taraba da kudancin Kaduna, inda Hausa take harshen kasuwa da dandalin siyasa tsakanin al'ummu masu harsunansu na kansu. A gidan da aka haifi kirarin ba a taɓa gwada shi a kan sanata mace ba.

Nahawu bai yi gardama ba

Ta fuskar nahawu babu wata wahala. Sunayen muƙaman da aka aro, irin su gwamna, minista, kwamishina, kansila da sanata, duk sun zo da wasalin "a" a ƙarshe, wanda shi ne galibi alamar jinsin tamata a sunayen Hausa, kuma da yake sunayen mutane ne sai jinsinsu ya bi na mai muƙamin. Ana cewa ministan ilmi ko ministar ilmi, sanatan Adamawa ta Arewa ko sanatar Adamawa ta Arewa, harafi ɗaya na mahaɗi ya raba gardama. Haka kalmomin gida: shugaban da shugabar, ɗan takara da 'yar takara, wakili da wakiliya, dattijo da dattijuwa. Cikin dare ɗaya nahawu ya shimfiɗa wa mace tabarma. Inda aka sami ƙunci shi ne wajen adabi, watau rumbun kirari da yabo da zambo wanda mawaƙin siyasa yake ɗiba daga cikinsa.

Waƙar siyasa ta yau, wadda ake haɗawa a ɗakin ɗaukar murya a watsa ta lasifikar mota da wayoyin hannu, jikanyar waƙar fada ce. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta bayyana matsayin mutane da ɗabi'un da sarauta take tinƙaho da su. Wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Sarkin Taushin Katsina ya san tubalan: asali, da jarumtaka, da kyauta, da riƙon addini, da iya mulki, sa'an nan zambo ga 'yan sarki masu hangen gadon. An yanka waɗannan tubala ne daidai da jikin namiji. Zaki ne, toron giwa ne, bajimin sa ne, ingarman doki ne. Kalmar "namiji" ita kanta yabo ce, har ma mace in ta yi abin a zo a gani sai a ce ta yi namijin ƙoƙari. To, mawaƙin da aka kawo wa 'yar takara, aka ce ya wake ta, wannan rumbu ne a gabansa, kuma dole ya san yadda zai yi da shi.

Mazantarwa

Hanya mafi kusa ita ce ya mai da ita namiji. Abdulƙadir Ɗangambo ya ba manazarta waƙa kalmomin mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Da za a ƙara ɗaya a kansu saboda wannan fage, da sai a ce mazantarwa. Fitacciyar siffarta ita ce "mace mai kamar maza", kuma kusan kullum Sarauniya Amina ta Zazzau tana tsaye a bayanta a matsayin hujja. 'Yan jarida kuma suna da tasu, "kallabi tsakanin rawuna". Ba za a ce waɗannan ba su dace da wasu lokuta ba. A 2011 A'isha Alhassan ta ka da Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba. A 2015 Binta Masi Garba ta ka da Boni Haruna, tsohon gwamnan Adamawa, ta kuma zama mace ɗaya tilo cikin sanatoci 57 na jihohin Arewa 19. Ranar da mace ta ka da tsohon gwamna, duk wanda ya kira ta mai kamar maza ya faɗi abin da ke bakin jama'a ne.

Illar tana cikin kalmar "kamar". Kamantawa ce, kuma a kowace kamantawa abin da aka kamanta da shi shi ne ma'auni. An yabi mace ɗaya ke nan ta hanyar fitar da ita daga cikin mata, alhali kuwa matan da aka fitar da ita daga cikinsu su ne za su yi layi cikin rana su jefa mata ƙuri'a. Wannan illa an daɗe da ganin ta. Wadda ba a cika lura da ita ba, kuma ita ta fi shafar tazarce, ita ce yabon nan yabon mamaki ne, mamaki kuwa sau ɗaya ake yin sa. "Mace ta farko" take ne mai ƙarfi a takarar farko. Bayan shekara huɗu ya zama tsohon labari, domin an riga an gani. "Kallabi tsakanin rawuna" ƙidayar kawuna ce kawai: ta faɗi inda kallabin ya zauna, ba ta faɗi abin da kan da ke ƙarƙashinsa ya yi ba. Namijin da yake neman komawa kujera kirarinsa ƙaruwa yake yi da daɗewa, ya zama tsohon kada, ya zama dutsen da ba ya kau da wuri, ya zama gagara-badau. Ita kuwa wadda jarinta duka baƙunta ce, kowace shekara da ta yi a majalisa ci take yi daga cikin jarin. A 2019 Binta Masi, wadda ta riga ta yi zango uku a Majalisar Wakilai kafin ta zo ta Dattawa, ta faɗi a hannun Ishaku Abbo, wanda ƙuruciyarsa ita ce sabon labari a lokacin. Shekaru goma sha shida na zaman majalisa abu ne da in namiji ke da shi mawaƙi ba zai rasa sunan da zai kira shi ba.

Uwa

Hanya ta biyu ta fi ta farko zurfi, ta kuma fi ta wuyar suka, domin akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ake bin ta. Ita ce a mai da 'yar takara uwa: uwar marayu, uwar talakawa, uwa ma ba da mama. Misalin da ya fi kowanne fita shi ne laƙabin "Mama Taraba", wanda ya danne sunan A'isha Alhassan na yanka har zuwa rasuwarta a 2021.

Ba za a gane amfanin wannan laƙabi ba sai an waiwayi abin da yake karewa. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ko na 1964 ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Amma tun cikin shekarun 1950 jam'iyyu suna da rassan mata, kuma da yake matan aure na birane suna cikin kulle, akasarin waɗanda ake iya tarawa a dandali zawarawa ne da mata masu zaman kansu, waɗanda ake bi ta hannun magajiyoyinsu a same su. Tarihin kalmar "magajiya" kansa abin nazari ne: a labarin Daura sunan sarauniyar ƙasa ne, a fadoji da dama sarautar babbar mace ce ta gidan sarki, amma a bakin mutanen gari ta gangaro har ta zama sunan shugabar gidan karuwai. Daga wancan zamani ne zambo ya gaji makaminsa mafi kaifi a kan mace 'yar siyasa. Namiji akan yi masa zambo da rowa ko tsoro ko muni ko rashin asali. Mace kuwa wuri ɗaya ake nufa, watau mutuncinta na aure. Uwantaka garkuwa ce daga wannan kibiya. Babu zagin da ya fi zafi a kunnen Bahaushe kamar wanda ya taɓa uwa, saboda haka wadda jama'a suka riga suka kira Mama, duk wanda ya buɗe baki a kanta da irin waccan magana shi zai ji kunya. Magoya bayan da suka zaɓi wannan suna sun san abin da suke yi.

Sai dai garkuwar tana da nauyi. A'isha Alhassan lauya ce; ta riƙe muƙamin kwamishinar shari'a ta Jihar Taraba, ta kuma zama babbar magatakardar Babbar Kotun Birnin Tarayya kafin ta shiga siyasa. Ga majalisar da aikinta yin doka ne, da wuya a sami abin yabon da ya wuce wannan, amma babu ko ƙanshinsa a cikin "Mama". Uwa da ciyarwa ake auna ta. Nan take sai yabon ya gangara zuwa tubalin kyauta, wanda shi ne dama tubalin da mawaƙan Hausa suka saba ɗora yabon mata a kansa. Alhaji Mamman Shata ya wake mata da yawa da sunayensu, kuma alheri shi ne ginshiƙin akasarin waɗannan waƙoƙi. A siyasar yau alherin ya sami jerin kayansa da kowa ya haddace: keken ɗinki, injin markaɗe, turmin atamfa, buhun shinkafa da azumi, kujerar Makka. Mazaɓar sanata kuwa sulusin jiha ce. Babu tukunyar da za ta ciyar da sulusin jiha, kuma ɗan da aka tsallake wajen rabo ya fi wanda ba a taɓa ce masa ɗa ba jin haushi. Gaskiya ne maza ma ana auna su da kyauta, ana kuma kiran wasu Baba. Bambancin shi ne Baba yana da waɗansu riguna a cikin adaka, in wannan ta yage ya sa wata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan dacewa da zancen tazarce. Uwa ba ta da zango, ba a kuma zaunar da ita a ce ta ba da lissafi. Rashin kunya ne. Takarar komawa kujera kuwa ba kome ba ce face lissafi: an aike ki shekara huɗu, me kika faɗa, me kika hana, me kika kawo? Harshen da ya hana a yi tambayar ya hana a ba da amsa, ko da amsar mai kyau ce. Kuma a tsarin gidan Bahaushe, in ɗa ya kawo ƙarfi abin da akan ce wa uwa shi ne ta huta. Masu neman kujerarta a cikin jam'iyya ba sa bukatar su zage ta. Cikin ladabi za su ce Mama ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata.

Asali, da abin da ba shi da gurbi

Ba abin banza ba ne a lura cewa mata biyun da suka zarce su ne waɗanda tubalin asali ya zauna musu daram. Gbemisola Saraki 'yar Dakta Olusola Saraki ce, jagoran siyasar Kwara na shekaru da yawa. Zainab Kure matar Injiniya Abdulƙadir Kure ce, gwamnan Neja daga 1999 zuwa 2007. Faɗin haka ba rage musu daraja ba ne. Nuni ne kawai cewa maroƙi bai sha wahala a kansu ba, domin "'yar wane" da "matar wane" gurabe ne da suke nan a shirye tun kafin a san majalisa. Ga sauran mata kuwa asali rami ne, domin mace gida biyu gare ta, na uba da na miji, kuma mai zambo yana da zaɓi: a garin miji ya ce baƙuwa ce, a garin uba ya ce ta yi aure ta tafi. Grace Bent, wadda asalinta daga Jihar Osun ne, aure ya kai ta Adamawa, a zaɓen fid da gwani na 2011 ta rasa kujerarta. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da wanda zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Abin da zambo yake wasa da shi, ashe, doka ma ba ta rufe shi ba.

Zainab Kure ta dace a tsaya a kanta, domin ita ce ta yi takarar tazarce sau biyu, ta ci a 2011, ta faɗi a 2015. A zangonta na biyu ta shugabanci kwamitin sufurin ruwa na majalisar, kuma ita ce ta gabatar da ƙudurin kafa hukumar ƙasa mai kula da wuraren kiwo da hanyoyin dabbobi. Ƙudurin ya jawo gardama mai zafi, bai kuma zama doka ba. Ko yana da kyau ko ba shi da shi, ba aikin mai nazarin adabi ba ne ya yanke. Abin da ya shafe shi shi ne wannan: ga magana wadda ta taɓa rayuwar manomi da makiyayi kai tsaye, kuma Hausa tana da kalmominta cif, burtali da makiyaya da mashaya da ɓarna da iyakar gona, duk masu daɗin hawa kan kiɗa. Mai zaɓe yana iya jin wannan ya ce ya yarda ko bai yarda ba, ya jefa ƙuri'arsa a kan dalili. Amma tsarin yabon da aka gada ba shi da gurbin "ta gabatar da ƙuduri". Sarki ba ya gabatar da ƙuduri. Umurni yake bayarwa. Nan ne ake ganin cewa matsalar ba ta mata kaɗai ba ce, aikin majalisa ne gaba ɗaya bai sami tubalinsa a waƙa ba. Namiji yana iya ɓoye wannan rashi a bayan zaki da giwa, mace ce aka bari a fili.

Kada a ɗauka ana nufin waƙa ce take cin zaɓe ko ta ka da shi. Guguwar canji ta 2015 ta kwashe maza da mata na jam'iyyar PDP a Arewa ba tare da duba kirarin kowa ba, kuma da yawa daga cikin matan nan a zaɓen fid da gwani aka tsai da su, inda 'yan wakilan jam'iyya ƙalilan suke yanke hukunci bisa lissafin da ba na kalangu ba. Aikin waƙa da take da laƙabi ya fi wannan ɓoyuwa: su suke koya wa mai zaɓe irin tambayar da zai yi.

An taɓa yin wani abu dabam a cikin harshen nan. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, wadda aka ɗaure fiye da sau goma saboda siyasa, ta rasu a 2001, laƙabinta bai mai da ita namiji ba, bai mai da ita uwa ba, bai kuma jingina ta da wani gida ba. "Sawaba" taken jam'iyyarta ne tun kafuwarta a 1950, sunan manufa ne. Duk wanda ya kira ta da shi ya faɗi abin da take tsaye a kansa. Marubuta waƙoƙin NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun nuna cewa ana iya gina waƙar siyasa a kan haraji da jangali da zaluncin kotu da 'yancin talaka, jama'a kuma su haddace. Abin lura shi ne an yi wannan ne a zamanin da matar da ake kira Sawaba ba ta da ƙuri'a ko ɗaya.

Bugu da ƙari, mawaƙin da ya nace sai ya yi wa sanata yabon sarauta, da gado da mulki da sarauniya, shi da kansa yake jan ta zuwa cikin muhawarar malamai a kan shugabancin mace, wadda ta taso da ƙarfi a takarar gwamnan Adamawa ta 2023. Sanata kuwa wakilci take yi, aike ne, kuma al'adar Hausa ta daɗe da sanin macen da ake aike. Akwai jakadiya, wadda martabarta duka ita ce ta isar da saƙo yadda aka ba ta shi. Akwai jaji ta tsarin 'yan taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864: mace ce dattijuwa da take jagorantar matan ƙauye zuwa wurin malamarsu, ta komo musu da karatu, kuma alamar naɗinta malfa ce da aka naɗe da jan ƙyalle. Watau tun a ƙarni na 19 an ɗora wa mace naɗi a ka a Sakkwato, ba don ta yi kama da maza ba, sai don an amince ta je ta dawo. Sunan majalisar ma ya ba da wata ƙofa, domin dattaku hali ne da Bahaushe bai keɓe wa jinsi ɗaya ba, kuma shi ne irin yabon da daɗewa take ƙara masa nauyi.

Dalilin da ya sa ba a taɓa waɗannan ba yana iya kasancewa cikin rabon aiki a dandalin kamfe. Masu tsara waƙar galibinsu maza ne da aka biya. Mata su ne 'yan amshi, su ke guɗa, su ke ɗinka anko mai hoton 'yar takara. Waƙar mata ta cikin gida, irin amadar da Barmani Choge ta yi fice da ita har rasuwarta a 2013, tana da nata ma'aunin yabo wanda bai bi ta fada ba: sana'a, da tattali, da dabara, da tsayuwar mace da ƙafarta. A wannan duniyar ce ake da uwar adashi. Ana kiranta uwa, amma ba ita take ciyarwa ba; kuɗin mutane take riƙewa, kowa ya san abin da ya zuba da ranar kwasarsa, ana kuma tambayarta lissafi ba tare da an ce an yi rashin kunya ba. In zagaye ya ƙare, masu zubi sukan zauna su duba ko kowa ya kwashi nasa a kan kari, sa'an nan su yanke ko za su sake zubawa a hannunta ko su nemi wata.